Mene ne aikin injiniyan tsari a kan ƙananan taurari masu tsaron sararin samaniya?

Wata ɗaliba da ke ajin ƙarshe a fannin injiniyancin lantarki a Samaru ce ta aiko da tambayar. Ta ce: "Malam, na ga ana neman injiniyan tsari a ayyukan ƙananan taurarin ɗan'adam masu kula da lafiyar sararin samaniya. Na san aikin mai lantarki, na san na mai manhaja, amma shi wannan me yake yi? Wace lafiya ake tsarewa a inda babu kowa? Kuma mu da ke Zariya muna da abin yi a ciki?"

Ƙanwata, sannu da karatu, Allah ya sa a gama lafiya. Zan fara da tambayarki ta biyu, domin in ba ki ga abin da ake gudu ba, aikin mutumin ba zai fito miki ba.

Can sama, daga kilomita 300 zuwa wajen 2,000, cike yake da kaya. Akwai taurari masu aiki, akwai matattu, akwai gangunan rokoki da aka yar bayan sun kai saƙo, ga kuma gutsattsarin ƙarfe da ba su ƙirguwa. Duk abin da ke kewaya duniya a wannan tsayin, gudun kilomita bakwai zuwa takwas yake yi a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke wajen kilomita 400, take zagaye duniya cikin kimanin minti 90. Ke mai lissafi ce, ɗauki biro. 'Yar ƙusa mai nauyin giram ɗaya ta haɗu da tauraro a gudun kilomita 10 a daƙiƙa: ƙarfin bugunta jul 50,000 ne. Daidai yake da ɗan acaba da fasinjansa da babur ɗinsu, kilo 200, su taho da gudun kilomita 80 a awa su daki gadar Kwangila. Giram ɗaya fa.

Ranar 10 ga Fabrairu 2009 tauraron sadarwa na Amurka, Iridium 33, ya yi karo da wani mataccen tauraron Rasha, Kosmos 2251, a tsayin wajen kilomita 790 a saman Saberiya. Gutsattsarin da na'urar rada, mai bin sawun abubuwa daga nesa, ta iya ƙirgawa sun kai wajen 2,000. Kafin nan, a Janairun 2007, Sin ta harbe tsohon tauraronta Fengyun-1C da makami, ya tarwatse gida fiye da 3,000, kuma da yawansu har yau suna can suna yawo. Tun a 1978 Donald Kessler, masani a NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya yi gargaɗin cewa in cunkoso ya kai wani matsayi, karo ɗaya zai haifi tarkacen da zai jawo wani karon, a yi ta yi har hanya ta toshe wa kowa. Abin da ya fi damuna shi ne, rada daga ƙasa sai abu ya kai santimita 10 take iya bin sa sosai. Masu girman santimita ɗaya zuwa goma, waɗanda ƙiyasin hukumar sararin samaniya ta Turai ya kai su wajen miliyan ɗaya, ba a ganin zuwansu, alhali kowane guda ya isa ya kashe tauraro.

Haɗari na biyu rana ce. In ta yi aman wuta, siririyar iskar can sama takan yi zafi ta kumbura, taurarin da ke ƙasa-ƙasa su ji kamar an taka musu birki. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, guguwar rana ta riske su tun ba su hau matsayinsu ba, 38 suka faɗo suka ƙone. A Maris na 1989 irin wannan guguwa ta ɗauke wutar lardin Kibek na Kanada har awa tara. Na uku duwatsu ne, kuma wannan ba labarin nesa ba ne a wurinmu. A Oktoban 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo cikin wata gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina, daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mars ya taso. Shi ƙarami ne, bai taɓa kowa ba. Wanda ya fashe a saman Celyabinsk ta Rasha a Fabrairun 2013 faɗinsa ya kusa mita 20, mutum wajen 1,500 suka ji rauni, galibinsu gilashin tagogi ne ya yanke su.

Ƙananan taurari kuwa, asalinsu aikin makaranta ne. A 1999 wasu malaman jami'a biyu a Kaliforniya, Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs, suka fitar da ma'aunin da ake kira CubeSat: akwati mai santimita 10 ta kowane gefe, nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai. Ana iya jera uku, ko shida, ko goma sha biyu. Yanzu su ake aikawa inda ake tsoron asarar babba. Ranar 26 ga Satumba 2022 NASA ta doki dutsen Dimorphos da kumbon DART don a gwada ko za a iya kauce da dutse daga hanyarsa. Bugun ya rage lokacin da dutsen ke ɗauka ya kewaye wani dutse da ya fi shi girma da fiye da rabin awa, daga awa 11 da minti 55. Amma shi kumbon nan take ya farfashe, ba shi da bakin ba da labari. Wani ɗan tauraron Italiya mai akwati shida, LICIACube, da aka saki kwana 15 kafin ranar, shi ya gitta ta gefe ya ɗauko hoton ƙurar da ta tashi. Kumbon Turai mai suna Hera, da ya tashi a Oktoban 2024 don ya je ya duba tabon, shi ma ya goya biyu, Milani da Juventas.

To yanzu ga mutuminki. Kin san tsohon masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim. An yi masu kwaɓa ƙasa a wurin, da masu tubali, da masu saran azara, da masu yaɓe, kowa gwani a nasa. Amma mutum guda ne ya san nauyin rufi zai sauka a kan baka, baka ya miƙa wa ginshiƙi, ginshiƙi ya miƙa wa ƙasa, ya kuma san in aka ƙara faɗin ɗaki da taku biyu azara ba za ta kai ba sai an sake dabara. Injiniyan tsari shi ne wannan mutumin. Ba lalle ya fi kowa iya walda ko rubuta manhaja ba, amma shi ake tambaya in an haɗa kayan suka ƙi zama abu ɗaya.

Aikinsa na farko, inda kuma aka fi yin sakaci, shi ne ya matsa wa kowa lamba sai an faɗi dalilin tauraron cikin jimla ɗaya da za a iya aunawa. "Muna so mu yi nazarin tarkace" buri ne kawai. "Za mu ƙirga bugun ƙwayoyin da ba su kai milimita ɗaya ba, a tsayin kilomita 500, har wata 12" ita ce jimlar da ake gini a kanta. Daga cikinta ake zaro sharuɗɗa, kowane sharaɗi da lambarsa, da wanda ya haife shi, da yadda za a tabbatar an cika shi: da gwaji ne, da lissafi ne, ko da duba na ido. Sharaɗin da aka rasa wanda zai faɗi dalilinsa, ni goge shi nake yi, don nauyi ne da kuɗi a banza.

Sai cefane. Haka nake kiran sa, don babu abin da ya fi kama da shi. Hasken rana a can wat 1,361 ne a kan kowace murabba'in mita. Fuskar akwati ɗaya kashi ɗaya cikin ɗari ce ta wannan, wato wat 13 da ɗoriya. Faifan sola mai kyau da ake sa wa taurari kusan kashi 30 cikin ɗari yake mayarwa lantarki, kuma ba ya rufe fuskar duka, sai ki tashi da wat biyu da wani abu in rana ta dube shi kai tsaye. A kowane zagaye kuma, wajen minti 35 tauraron yana cikin inuwar duniya, batir yake ci. Da wannan ɗan abin za a ciyar da kwamfuta, da rediyo, da kyamara, da hitar da ke ɗumama batir. Ana cikin haka mai kyamara zai zo ya ce yana son hotuna masu kaifi. Tashar karɓar saƙo a ƙasa, in aka kafa ta a Samaru, sau 'yan kaɗan za ta ga tauraron a yini, kowane gani kuma da wuya ya wuce minti goma. A gudun bit 9,600 a daƙiƙa, wanda ƙananan taurari da yawa ke amfani da shi, minti takwas kilobayit 576 za su sauko miki da shi, hoto ɗaya na wayarki ya fi haka. Sai a ce to a sa rediyo mai sauri. Rediyo mai sauri yana son ƙarin wuta. Ƙarin wuta yana son fukafukan sola masu buɗewa. Fukafukai suna ƙara gogayya da iska, tauraron ya yi saurin saukowa, suna kuma son a riƙa juya su wajen rana, juyawar tana son na'ura, na'urar tana cin wuta. Kin ga an dawo inda aka faro. Mai kyamara bai ga wannan da'irar ba, kuma ba laifinsa ba ne. Injiniyan tsari ke riƙe da takardar nauyi, da ta wuta, da ta zafi, da ta saƙo, shi ke cewa a'a, shi ke ɓoye rara. A farkon zane rarar kashi 20 cikin ɗari nake ajiyewa a nauyi da wuta, ba na kuma sakin ta don wani ya yi mini magiya, domin ban taɓa ganin kayan da ya zo da nauyi ƙasa da yadda aka yi alkawari ba.

Amma inda tauraro ya fi mutuwa shi ne mahaɗa, wurin da aikin wani ya ƙare na wani ya fara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1999 NASA ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata ƙungiya tana ba da ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, ɗaya kuma tana karɓa a matsayin niyuton. Kamar ki aiki yaro kasuwar Sabon Gari ya auno tiya goma, mai hatsi ya auna masa da mudu: kowa ya ƙirga goma, kowa ya yi gaskiya, buhu bai cika ba.

Ni ma na gani da idona. A wani aiki da na yi, eriyar tauraron a naɗe take da zaren nailan, in an isa sama sai a ƙone zaren da 'yar waya mai zafi, ta buɗe. Mun gwada a kan tebur fiye da sau ashirin, ba ta taɓa ƙi ba. Ranar da muka sa tauraron cikin tukunyar gwaji, muka zuƙe iska, muka sanyaya shi ƙasa da sifili, sai zaren ya ƙi tsinkewa. Batir mai sanyi bai ba da wutar da yake bayarwa a ɗaki ba, ita kuma manhaja an rubuta mata ta kunna wayar na 'yan daƙiƙu, sau ɗaya, ta wuce gaba. Mai batir bai yi kuskure ba, mai eriya bai yi ba, mai manhaja abin da aka ba shi ya rubuta. Babu wanda ya sa a takardar mahaɗa cewa cikin wane irin sanyi ake son wannan wutar, kuma wannan layin nawa ne, ni ya kamata in tambaya. Mun gyara, muka sa manhaja ta jira batir ya ji ɗumi, ta kuma maimaita har sai ta ga alamar eriya ta buɗe. Amma daren nan ban yi barci ba, don da an harba shi haka, da lafiyayyen tauraro ne wanda ba ya ji ba ya magana, yana gudun kilomita bakwai da rabi a daƙiƙa a tsakiyar kayan mutane. Da tun ranar farko ya zama irin tarkacen da muke cewa muna yaƙa.

Tun daga lokacin, duk zanen da aka kawo mini, tambayar da nake fara yi ita ce: yaya zai mutu, kuma ina gawarsa za ta? Matasa ba sa son wannan tambayar, su maganar harbawa suke so. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Tauraron da ba shi da injin tunkuɗa, tsayin da aka ajiye shi ne ke yanke masa kwana. NigeriaEduSat-1, ɗan akwati ɗaya da Jami'ar Fasaha ta Akure da NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Nijeriya, suka yi tare da wata jami'a a Japan, daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa aka sake shi a Yulin 2017, ya shigo iska ya ƙone a 2019. Wannan mutuwa ce mai tsabta. Da a kilomita 700 aka sa shi, da shekaru gommai zai yi, a 800 kuwa sai jikoki sun tarar da shi. Ƙa'idar da hukumomin sararin samaniya suka amince da ita a 2002 ta ce a bar wurin cikin shekara 25 bayan gama aiki. A 2022 hukumar sadarwa ta Amurka ta rage wa taurarin da take ba lasisi zuwa shekara biyar. Ni a ganina biyar ɗin ita ce daidai, kuma in aka yi wa tauraron da ba shi da injin tayin roka mai zuwa sama da kilomita 600, ko kyauta ce a ƙi ta. Na san wannan magana tana da ɗaci a wurin mai neman kuɗin harbawa da kyar.

Ba tsayi kaɗai ba. Dole a tsara yadda za a zuƙe batir a yanke shi daga sola a ƙarshe, in akwai mai a tanki a fitar da shi, don fashewar matattun taurari da gangunan rokoki na daga cikin manyan tushen tarkace. Dole a samu umurnin kashe rediyo daga ƙasa, kada gawa ta yi ta surutu a kan mitar wasu. Dole kuma a iya gane tauraron. A Janairun 2021 roka ɗaya ta SpaceX ta ɗauki taurari 143 a tashi guda. In an zube su kusa da juna haka, masu bin sawu da rada ɗigo-ɗigo kawai suke gani, sai mai tauraro ya taimaka ya ce wancan ne nawa. Wanda ba a san mai shi ba, ba a san wa za a kira in ana hasashen karo ba. Sannan akwai shari'a: yarjejeniyar 1972 ta ɗora ɓarnar abin da aka harba a kan ƙasa ne, ba kan jami'a ko kamfani ba. Da tauraron Tarayyar Sobiyat, Kosmos 954, ya watsa tarkacen nukiliya a arewacin Kanada a 1978, gwamnati ce ta biya dalar Kanada miliyan uku. Rajista, da neman mita ta hannun hukumar sadarwa ta duniya, duk suna kan teburin injiniyan tsari, kuma sukan fi gina tauraron ɗaukar lokaci.

Gwaji ba zan tsawaita ba, don kin san shi. Ana girgiza tauraron kamar yadda roka za ta yi, a gasa shi a daskare shi inda babu iska, a tabbatar ba zai buɗe komai ba sai ya yi minti 30 da rabuwa da roka. Abu ɗaya zan ƙara: a zauna a bi kayan ɗaya bayan ɗaya ana tambaya, in wannan ya mutu, me zai biyo baya? NigComSat-1, tauraron sadarwa na Nijeriya da aka harba daga Sin a Mayun 2007, a Nuwamban 2008 ya tsaya saboda matsalar fukafukan sola, sai a Disamban 2011 aka maye gurbinsa. Babban tauraro ne mai tsada, amma da wuta ta yanke komai ya bi ta. A ƙarami ba a da sararin sa komai bibbiyu, sai a zaɓi inda ya fi haɗari. Kuma a kira baƙi, waɗanda ba sa jin nauyinki, su zo su tsefe zanen kafin a yanki ƙarfe.

Tambayarki ta ƙarshe, eh, muna da abin yi. NigeriaSat-1 da aka harba a Satumban 2003 shekara biyar aka tsara masa, ya yi aiki har 2012. NigeriaSat-X da ya tashi a Agustan 2011 injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi a Sori ta Ingila. Hannun yana nan. Zariya kuma Allah ya ajiye ta a wuri na musamman: layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ƙasar nan ba nesa da mu ba. A irin wannan yankin, bayan magariba, saman iska mai ɗauke da lantarki yakan yi kumfa-kumfa, saƙon GPS da ya biyo ta ciki ya yi rawa, wani lokaci ya yanke. Ga mu da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, matuƙa kuma da wannan saƙon suke aiki. Na'urar da za ta riƙa auna wannan rawar daga Samaru kowane dare, balle ɗan tauraron da zai auna ta daga sama, aikin tsaron sararin samaniya ne na gaske, kuma wanda ke Turai ba zai iya yi daga rufin ɗakinsa ba.

Ke dai kada ki yi gaggawar kiran kanki injiniyan tsari. Ki fara nutsewa a fanninki, ki zama wadda in ta yi maganar batir da caji ba a musu da ita, don wanda bai taɓa ƙona wani allon lantarki da hannunsa ba ba ya jin abin da mai allo ke faɗa masa. Daga nan ki riƙa leƙa maƙwabta: zafi, rediyo, lissafin falaki. A aikinki na kammalawa, ko ba za ki gina komai ba, ki rubuta jimlar dalili guda, ki zaro mata sharuɗɗa talatin, ki yi cefanen wuta da na saƙo, ki lissafa shekarar da tauraron zai faɗo. Sannan ki kafa tashar sauraro. 'Yar na'urar rediyo da ake maƙala wa kwamfuta, da eriyar da za ki lanƙwasa da wayar tagulla, sun isa. Ki fara da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a kan megahaz 145.800, daga nan ki koma tsakanin 435 da 438 inda ƙananan taurari suke da yawa. A can za ki ji sautin yana zamewa da wajen kilohaz 10 sama da ƙasa yayin da tauraron ke tahowa yana wucewa, ki ga lissafin aji ya fito a kunnenki. Akwai haɗakar tashoshin sa-kai da ake kira SatNOGS, in kin jona taki, masu taurari daga ko'ina za su riƙa samun labarin nasu ta Zariya. In kin tashi kafawa, ki nemi rufin da bishiyoyi ba su tare masa kudu da arewa ba, don yawancinsu ta nan suke ɓullowa, ta nan suke faɗawa.